Cajin Waya a Babur ɗin Aro

Ni dai a aji huɗu na ajiye boko, amma kafin in ajiye sai da malaminmu ya haɗa batirin tocila da ƙwan fitila a gabanmu, ƙwan ya kama. Tun daga ranar nake lissafa kaina cikin masana harkar wuta a Ƙofa. Ba wanda ya ba ni takardar shaida, ni ma ban nema ba. Na faɗi haka ne tun da wuri don a san cewa abin da ya same ni a hanyar Doguwa ba jahilci ba ne. Ilimi ne ya yi mini yawa.

Ina da yaya mace, uwa ɗaya uba ɗaya, tana zaune a wani ƙauye a ƙasar Doguwa, can gindin duwatsu, a gidan 'ya'yanta tun da mijinta ya rasu. Ita ta goya ni, kuma har yau Auta take ce mini, da gemuna fari fat da jikoki cike da tsakar gida. Ɗanta na fari ya tafi Gabon tun da sauran ƙarfinsa, yana aiki da masu yankan katako a cikin daji. Shekarun da ya yi bai leƙo gida ba sun isa a dasa mangwaro har a gaji da shan 'ya'yansa. Jefi-jefi yakan kira a ƙaramar wayar ƙaninsa, ya gaisa da kowa, a ce masa Inna tana lafiya. Ita ba ta karɓa. Yaya irin matan da ce masu kunyar ɗan fari: ba ta kama sunansa, ba ta yi masa magana kai tsaye, ko yana durƙushe a gabanta sai dai ta faɗa wa wanda ke kusa ya faɗa masa. In ta matsu sai ta ce "mutumin can".

A daminar da nake ba da labari, idonta na hagu ya riga ya rufe da yana, na dama kuma ya fara gani dishi-dishi. Na je duba ta, muna zaune tana ɓare gyaɗa da laluben hannu, sai ta tambaye ni, kamar mai tambayar ko an yi ruwa a wajenmu, wai da gaske ne wayoyin yanzu ana ganin mutum a ciki ko da yana wata ƙasa. Na ce da gaske ne, irinta ce ma a aljihuna. Ta ce ita dai tambaya kawai ta yi, ta ci gaba da gyaɗarta. Ni kuwa na san Yaya. Tambayar nan ita ce iyakar roƙon da bakinta zai iya, kuma idon da ya rage ba jiranmu zai yi ba.

Da na dawo gida na sa aka nemo mini ɗan nata. Ashe dajin da suke aiki babu sabis ko kaɗan. Sau ɗaya a wata, ran Lahadi, mota take kawo su gari wajen azahar, la'asar tana yi ta kwashe su ta mayar. Muka tsayar da Lahadin da ke tafe. In aka rasa ta sai wani watan, kuma babu wanda zai iya rantse mini cewa a wani watan Yaya za ta bambance fuska da ƙwarya.

Matsala biyu ce a gabana. Wayar tawa babba ce, ta shafawa, 'yata ce ta ba ni bayan ta gama morar ta, batirinta kuma ya tsufa fiye da ni. In ka cika ta da asuba, kafin hantsi ta fara neman abinci. Ƙauyen Yaya kuwa babu wutar lantarki, sabis ma sai an hau wani falalen dutse a bayan gari inda ake shanya masara. Ta biyu, babur ɗina da muka yi shekaru muna fama tare injinsa ya buga a makon, yana jingine a zaure kaji na kwana a kansa.

Sai mai ɗakina ta ce in je wurin ƙaninta. Ƙanin nan nata gyaran wutar mota da babur yake yi a bakin titi, mutum ne da ya ba hamsin baya, amma tun ranar da na auri yayarsa yake ce mini Ango, kuma bai taɓa yi mini magana ba tare da tsiya a ciki ba. Yana da wani ƙaton babur na hannu da ya saya, irin wanda Turawa masu yawon duniya suke hawa, da akwati a kowane gefe da gilashi a gaba. Tankinsa kaɗai ya kai randa. Da na faɗa masa buƙatata bai yi gardama ba, don ya san Yaya yana kuma ganin girmanta. Ya dai kewaya ni sau biyu yana duba tsawon ƙafata, ya ce in an sauke kujerar ƙafar za ta taɓa ƙasa, in kuma ba ta taɓa ba a ɗaura mini tubali a takalmi.

Ran Asabar na wuni a shagonsa. Ya ɗaura wani maƙali mai haƙora huɗu a hannun babur, wanda zai riƙe wayar a gabana ko an faɗa rami, ya kafa soket mai rami biyu a gefensa, ya kawo gajeriyar igiyar caja. Da ya zo haɗawa sai ya ce zai bi da ita ta makulli, yadda in an kashe babur caji zai tsaya, in an tayar ya ci gaba.

Nan ilimina ya motsa. Na yi masa bayani dalla-dalla cewa shi yaro ne bai san hanya ba. Daga Ƙofa zuwa Doguwa babu garin da ba ni da mutane. Mai tarbiyya kuma ba ya gaida dattijo yana bisa abin hawa inji na ruri. Sai ya tsaya, ya kashe, ya sauka. In aka haɗa lokacin da zan yi ina gaisuwa, ya fi wanda zan yi ina tafiya. Ke nan waya za ta yi rabin yini da yunwa. A haɗa mini kai tsaye da batir, ta riƙa ci ko ina gaisuwa.

Ya ajiye filayarsa ya dube ni.

"Ango, wannan ba irin akwalar taka ba ce. Duba nan. Ka ga kik?"

Na leƙa, babu kik ɗin da ake takawa a tayar.

"To da maɓalli ake tayar da shi, kuma duk dannawa ɗaya wuta yake zuƙa mai yawa. Sai an yi tafiya mai nisa take dawowa. Batirin ma ba sabo ba ne. In ka ce kowane gindin bishiya sai ka tsaya, za ka ƙarasa Doguwa kana tura shi."

Na ce masa tun bai san wando ba nake harka da batir. Ya ce to, ya haɗa yadda na ce, yana ta girgiza kai yana cewa Allah ya ba yayarsa haƙuri.

Na fito da sassafe ran Lahadi, an yi ruwa da asuba ƙasa ta kwanta. Masara ta fi mutum tsawo a kowane gefe, gemunta ya fara bushewa, fadamu sun yi shar da shinkafa. Babur ɗin nan ba ya ƙara irin ta namu, wani gurnani yake yi ƙasa-ƙasa kamar bijimi ya ƙoshi. Waya tana gabana, 'yar alamar caji tana hawa. Abu ɗaya ne ya dame ni: fitilarsa ba ta mutuwa muddin yana tafiya, haka aka ƙera shi. Duk wanda muka yi kiciɓis sai ya buɗe yatsu ya rufe yana nuna mini na bar fitila da rana. Da farko ina tsayawa in yi bayani. Daga baya na koma gyaɗa kai kawai.

Kafin in kai Kwanar Ɗangora na tsaya sau biyar ko shida. Kowane wuri in kashe, in sauka, a yi ina kwana, ina gajiya, yaya damina, yaya mutan gida, a zagaya babur a sa albarka, in hau in danna maɓalli. Yana tashi tun kafin in ɗauke yatsa. Na ce a raina ƙanin mai ɗakina tsoro ne da shi kawai.

A kwanar akwai wani tsohon abokina mai sayar da rake, tare muka yi ƙuruciya. Shi ba a gaishe shi a tsaye. Ya shimfiɗa buhu, ya fere mini gaɓa biyu, muka shiga lissafin waɗanda suka riga mu da waɗanda suka rage. Can ya lura da igiyar da ke jikin wayata, ya tambaya, na yi masa bayani da ɗan ƙari. Sai ya zaro tasa wayar daga aljihu, ya ce kwana uku ke nan ba su ga wuta ba, tunda rami biyu ne a sam masa ɗaya.

Abin da ƙanin mai ɗakina bai hango ba ke nan, ni ma haka. Wuta a wajenmu kamar ruwan randa ce a zaure, ba a hana wanda ya roƙa. Kafin in gama gaɓa ta farko mai nama ya miƙo tasa. Mai faci ya kawo wata caja mai kawuna huɗu kamar tushen rogo, aka cusa a ramin. Wani dattijo limamin unguwa ya zo da tasa a hannu, ya tsaya kawai yana murmushi. Babu rami. Na cire tawa na sa tasa, da niyyar in an jima in mayar. Aka jera wayoyi a kan kujerar babur da kan tanki kamar an baza kaya a kasuwa, ni kuwa ina zaune a inuwa ana ta sa mini albarka. Ban taɓa jin daɗin ilimina kamar wannan hantsin ba.

Da na tashi tafiya na danna maɓalli, sai da ya ɗan yi tari kafin ya kama. Na ɗora laifin a kan sanyin ruwan asuba.

Haka aka yi ta yi har Tudun Wada. Labari kuma ya riga ni, ban san ta yaya ba. Ko'ina na tsaya gaisuwa sai an sami mai fito da waya, tawa kuwa ta fi zama a aljihu fiye da kan maƙalinta. Da na wuce Tudun Wada kaɗan rana ta kusa tsakiya, sai na hangi tabarmi a ƙofar wani gida da na sani a bakin hanya. Zaman makoki ne, maigidan ne ya rasu. Wannan kam ko jirgi nake tuƙawa sai na tsaya. Na sauka, aka yi addu'a, aka shafa. Ban daɗe ba, amma ko a nan sai da wani ɗan'uwan mamacin ya raɗa mini cewa yana son sanar da dangi na nesa wayarsa ta mutu. Wa zai hana?

Muka yi azahar tare da su, na yi sallama, na hau, na danna. Babur ya ce ƙyat, ƙyat. Na sake dannawa, ya ce ƙyat sau ɗaya ya yi shiru. Na kai ƙafa ina laluben kik, ƙafar ta sami iska. Na zaro wayata, alamar batir ta yi ja, saura ɗan siririn zare. A daidai lokacin mota tana sauke ɗan Yaya a gari, ni kuma da sauran tafiya mai tsawo a gabana.

Ban taɓa kiran mutum a waya na fara da buƙata ba sai ranar. Ƙanin mai ɗakina yana ɗauka na ce babur ya ƙi tashi, me zan yi.

"A'a, Ango ne? Barka da rana. Ina gajiya? Yaya hanya?"

"Kai, caji zai ƙare."

"Yaya mutanen Ɗangora? Ka same su lafiya? Da mai rake?"

Sai da na ambaci idon Yaya sannan ya bar wasa. Ya ce in cire duk abin da ke jikin soket, in murɗa makulli, in sa giya ta biyu, in riƙe kuloci, a tura ni. In ya ɗauki gudu in saki. In ya tashi in maƙala wayata ita kaɗai, kuma kada in kuskura in kashe shi, ko wa na gani a hanya. In kashewa ta zama dole, to a kan gangare, kansa yana kallon ƙasa.

Hanyar wajen shimfiɗaɗɗiya ce, babur kuma nauyinsa ya kai na ɗan maraƙi. 'Yan zaman makoki suka tattare riguna, wasu Fulani biyu da suka tsaya shayar da shanu suka jingine sandunansu suka kama. Turawar farko na saki kuloci da wuri, ya yi tutsu ya tsaya, mutum uku suka rungume akwatin baya. Ɗaya daga cikin Fulanin, wani mai furfura, ya ce shi a saninsa abin hawa shi yake ɗaukar mutum, yau ga Bahaushe ya sayi wanda ake goyawa. Na ce ya bari in tashi tukuna zan ba shi amsa. A ta uku ya kama. Amsar da ban ba shi ba ke nan har yau, don ban isa in tsaya ba. Ko godiya da hannu ɗaya na yi ta, ina jin su suna dariya a baya.

Tafiyar da ta biyo baya ita ce mafi wuya a wurina. Hanya lafiya lau, inuwar itatuwa, duwatsun Doguwa suna matsowa shuɗi-shuɗi. Amma na wuce mutanen da ban taɓa wucewa ba. Na wuce wani malami da ya karantar da 'ya'yana, yana zaune a dakalinsa har ya fara gyara mini wuri. Na wuce surukin wana. Hannu kawai nake ɗagawa kamar ɗan siyasa. Na ji daga baya an ce tunda na sami babban babur na daina sanin mutane, kuma sai da na yi kusan wata biyu ina bi gida-gida ina wanke kaina. A lokacin dai idona yana kan 'yar alamar nan. Ta bar ja, ta fara hawa a hankali.

Na shiga ƙauyen inuwa ta fara karkata. Ban tsaya a ƙofar gida ba, na ɗaga murya na ce wa ƙaramin ɗan Yaya ya fito da Inna, na zarce bayan gari. Na hau falalen dutsen ta gefen da ba a baza masara ba, na juya kan babur ya kalli gangare, sannan na kashe. Shirun da ya biyo baya har cikin kunnena.

Aka taho da Yaya a hankali, ɗanta yana riƙe da hannunta, matan gida da yara a baya. Na lura ta saka zanenta na zuwa biki. Na durƙusa na gaishe ta, ta ce Auta wannan wace irin dabba ce ka hawo. Ban gama ba ta amsa ba wayar ta yi ƙara.

Na bar ta a maƙalinta. Na shafa, sai ga shi, da hula da farar riga, a tsaye jikin wani bango. Ya ce Kawu ina wuni. Yara suka yi caa a kan gilashi aka kore su. Aka jawo Yaya gaban babur, aka ce Inna ga shi nan.

Sai ta juya masa gefe. Ta kafa fuskarta wajen masarar da aka shanya, ta ɗora hannu a kan tanki tana shafawa kamar mai taya saniya. Shi kuma ya sunkuyar da kai yana ta jero gaisuwa: Inna ina wuni, Inna yaya jiki, Inna a yafe mini. Ba ta amsa ko ɗaya ba. Ni ta yi wa magana.

"Auta, ka tambayi mutumin can ko yana samun tuwo a inda yake."

Na tambaya, ko da yake ya ji da kunnensa. Ya ce yana samu, na rogo ne amma. Ta ce in ce masa rogo ba abinci ba ne. Ta sa na tambaye shi ko akwai masallaci kusa, ko yana da bargo, ko ƙafar da ya taɓa karyewa tana damunsa da damina. Haka muka yi ta yi, ni a tsakiya ina ɗauko magana daga nan in ajiye can, alhali tsakaninsu bai fi kamu ɗaya ba. Gefen da ta juya masa kuwa na dama ne, na idon da ya rage. Na ga haka na kawar da kaina, na shiga gyaran madubin da ba abin da ya same shi.

Can muka ji ana yi masa hon. Ya ce Kawu mota za ta tashi. Yaya ta ce in ce masa ta yafe tun ba yau ba, Allah ya yi albarka, ya kuma riƙa rufe kansa in ana ruwa. Ya sa hannu ya share fuska, hoton ya tsaya, ya ɗauke.

Matan gida suka fara tsokanarta, wai an sha wannan doguwar hanya an kawo mata ɗa har gida ta ƙi kallo. Ta ce ita me za ta kalla, masararta take dubawa kada kaji su shiga. Aka yi dariya aka fara gangarawa. Ni na riƙe hannunta a wannan karon, muna tafe a baya, tana taka dutsen da ɗaiɗaya.

Mun kusa sauka ta tsaya ta numfasa. Ba ta dube ni ba, ta yi maganar ƙasa-ƙasa yadda na gaba ba za su ji ba.

"Ya yi furfura, Auta. Ta gefen hagu ta fi yawa, irin ta Baba."

Na ce haka ne, Yaya. Ta gyara mayafinta, ta ce in zo in ci abinci kafin ya huce.